Dandamalin bidiyo na 360 da muka ɗauko haya a bikin ƙanwata

Duk mai zuwa dina a Kano ko Kaduna a 'yan shekarun nan ya san wannan dandamali mai faɗin faifai da ake kira 360. Mutum ya hau, wani dogon ƙarfe mai wayar salula a bakinsa ya riƙa kewaya shi, can sai a turo masa bidiyonsa yana motsi a hankali. Shi muka ɗauko haya a bikin ƙanwata, ni kuma aka ɗora wa alhakin tsayawa a kansa, don haka na ga aikinsa ciki da waje.

Ya biya kuɗinsa, wannan ba na tantama. Amma akwai abin da ya kamata mai niyyar ɗauka ya sani tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Asirin abin yana cikin yawan hotunan da wayar ke ɗauka. Bidiyo jerin hotuna ne kawai: fim na sinima hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, bidiyon waya galibi 30. Yaron da ke kula da na'urar ya nuna mini ya saita wayar a kan 240. Idan aka dawo aka nuna su 30 a daƙiƙa, motsin daƙiƙa ɗaya sai ya miƙe ya cinye daƙiƙa takwas. Tun wajen ɗauka ake kama saurin. Shi ya sa wanda ya rage gudun bidiyon da aka ɗauka a 30 yake ganin yana tsalle-tsalle, domin hotunan da za su cike tsakani babu su.

Wannan sauri kuwa haske yake ci. Kowane hoto ba ya samun fiye da kashi ɗaya cikin 240 na daƙiƙa ya sha haske. Da la'asar, da aka kafa dandamalin a harabar waje, bidiyon ya fito tas, har zaren surfanin hular ango ana gani. Da aka shigo da shi cikin zaure bayan magariba sai hoton ya yi duhu, ya yi yashi-yashi, fitilun rufi kuma suka riƙa ƙiftawa a bidiyon alhali ido bai ga komai ba. Dalili shi ne wutar lantarkinmu tana juyi sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna dusashewa su dawo sau 100. Ido ba ya kamawa, kyamara mai sauri tana kamawa. Sai da yaron ya sa aka kashe na rufin da ke kusa, ya kunna nasa fitilun masu batir, ya sauko zuwa 120, sannan abin ya daidaita. A nan na yaba masa, ya san aikinsa.

Waɗanda suka fi morewa su ne masu motsi. Wata gwaggonmu ta hau ta buɗe mayafinta ta kaɗa shi sau ɗaya, ya tashi ya yi tudu, ya sauko ninki-ninki, duwatsun jikinsa suna walƙiya ɗaya bayan ɗaya. Abokan ango da suka naɗe hannun babbar riga suka yarfa a kafaɗa, su ma abin ya yi kyau. Mafi burge ni shi ne ƙawar amarya da ta hau da kaskon turaren wuta: hayaƙin ya riƙa murɗawa yana kewaye fuskarta, ba ka so bidiyon ya ƙare. Wanda kuwa ya hau ya ƙame yana murmushi, bai samu komai ba sai kansa a tsaye.

Inda nake da ƙorafi shi ne tallar. Sun ce mana har “daskarar da mutum a iska” suna yi, irin na fim ɗin The Matrix na 1999. Ba haka ba ne, kuma waya ɗaya ba za ta iya ba. A wancan fim, John Gaeta, mai kula da dabarun hoto, da abokan aikinsa sun jera kyamarorin hoto sama da 100 kewaye da ɗan wasa, kowace ta ɗauka daga nata gefen a jere cikin ƙiftawar ido, sannan aka haɗa hotunan da kwamfuta. Idan kyamarorin suka ɗauka lokaci guda, mutum zai tsaya cak a iska, idon mai kallo kuma ya zagaya shi. Waya ɗaya da ke kewayawa dole ta ɗauki lokaci kafin ta kai ɗaya gefen, kafin nan mai tsalle ya daɗe da dira. Abin da suka yi mana shi ne tsayar da hoto guda na ɗan lokaci, kuma da hoton ya tsaya, kewayawar ma ta tsaya.

Sauran hidimar ba laifi. Bidiyo yana shiga wayar baƙo kafin ya koma kujerarsa, sai dai layi ya yi tsawo, dandamalin kuma mutum uku ko huɗu kawai yake ɗauka. A sa babba ya tsaya kusa, domin ƙarfen yana juyawa daidai tsayin kan yara, su kuwa ba sa jin “ku matsa”.