Akwatin kayan homa na gida: kaskon ya yi, sauran sai an cika da hannu

A shagunan kayan ibada na Indiya, da kuma kasuwannin intanet na can, ana sayar da wani akwati da ya haɗa duk abin da mabiyin addinin Hindu zai buƙata don ya kunna wutar hadaya a gidansa. Mutanen kudu suna kiran ibadar homa ko homam, na arewa suna cewa havan. Irin akwatin da ake dubawa a nan shi ne wanda aka buga wa hoton surori goma na Vishnu, ɗaya daga manyan allolin Hindu, a murfi, aka ce an tanade shi ne don bikin Rama Navami, wato na haihuwar Rama, ko Janmashtami na haihuwar Krishna, ko na Narasimha. Hukuncin a taƙaice: kaskon ya cancanci kuɗinsa idan jan ƙarfe ne na gaske, ko da yake ƙarami ne, yawancin sauran kayan kuwa ba su isa ibadar da aka zana a murfin ba.

A aƙidar Hindu, Agni, wato abin bautar da ke wakiltar wuta, shi ne ɗan aike tsakanin mutane da alloli, kuma da yabonsa aka buɗe littafin Rigveda. Abin da aka zuba masa shi yake isarwa. Vishnu kuma, a wajensu, yana saukowa duniya cikin wata sura duk sa'ad da gaskiya ta yi rauni, kamar yadda babi na 4 na Bhagavad Gita ya faɗa. Jerin da aka fi sani ya fara da kifi, kunkuru, aladen daji, Narasimha mai jikin mutum da kan zaki, wada, Parashurama, Rama, Krishna, sai Buddha ko Balarama gwargwadon ɗariƙa, sannan Kalki wanda suke jira. Homa ta ɗaya daga cikin waɗannan tana nufin a ambaci sunansa, a ce "swaha", a zuba hadaya, yawanci sau 108. Wannan adadin shi ne ma'aunin da ya kamata a auna akwatin da shi.

Kaskon siffarsa kamar dala ce da aka kifar, baki mai faɗi, gindi matsattse. Mafi yawan akwatunan suna saka ƙaramin nan na Agnihotra, mai bakin santimita 14.5 kowane gefe da zurfin 6.5. An ƙera shi ne don ibadar fitowar rana da faɗuwarta, inda ake zuba tsunkulin shinkafa biyu kacal a kan busasshen kashin shanu, cikin 'yan mintuna an gama. A wannan aikin ba shi da na biyu. Amma a ɗora masa zubi 108 na mai da garin ganye, kafin a kai rabi ya cika da toka, iska ta daina shiga ƙasa, wutar ta koma hayaƙi. Wanda zai yi cikakkiyar homa ya nemi mai bakin da ya kai santimita 25 zuwa 30.

Kafin a biya kuɗi, a gwada shi da maganaɗisu. Jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu. Idan ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafe shi da ja, kuma shafen yakan ɓamɓare tun a wutar farko, tsatsa ta biyo baya. Akwai kuma na alminiyam, wanda ake ganewa da rashin nauyi. Shi yana narkewa a wajen digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1,000, don haka siririn alminiyam yakan lanƙwashe tun wuta ba ta yi nisa ba. A duba kusurwoyi ma. Wanda aka buga daga falle ɗaya ya fi wanda aka haɗa da dalma, domin ta wurin haɗin ne narkakken mai yake tsiyaya ƙasa yana ci da wuta. Na gaske yakan yi baƙi bayan amfani, wannan ba aibi ba ne, tsamiya da gishiri suna mayar da shi ja.

Abin da akwatin bai zo da shi ba, bai kuma ambata ba, shi ne matashin da za a ɗora kaskon. Jan ƙarfe yana kai zafi ƙasa da sauri, yana fasa tayil, yana ƙona katako. Tubali biyu ko faranti cike da yashi sun wadatar.

Inda lissafi ya fi ɓaci shi ne man shanu. Ibadar tana buƙatar soyayyen man shanu tsantsa, wanda Indiyawa ke kira gi. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, sau 108 ya zama 540. Ko da rabin cokali ake zubawa, ana buƙatar 270, ban da wanda za a shafa wa itace da na zubin ƙarshe. 'Yar kwalbar da ke cikin akwati ba ta kusa da haka. Ga kuma wani abin lura: a kasuwa akwai mai da aka rubuta masa "na ibada kawai, ba na ci ba". Sau da yawa wannan man girki ne da aka daskarar aka sa masa ƙamshi. Yana tartsatsi, yana baƙin hayaƙi, kuma a wajen masu kula da ƙa'ida bai cika sharaɗi ba. Gara a ajiye shi, a sayi rabin lita na wanda ake ci, a narkar da shi ya zama ruwa kafin a zauna, don daskararre yana maƙalewa a cokali ya sa hannu ya daɗe a kan wuta. Cokalin katakon da suka saka ma gajere ne. Mai mariƙin da ya kai kamu ɗaya ya fi.

Garin hadayar, samagri, haɗi ne na busassun ganyaye da saiwoyi, garin sandal, ƙaron guggul, baƙin riɗi, sha'ir, shinkafa da ɗan mazarƙwaila. Mai kyau idan aka zuba a tafi ana ganin kowane abu da siffarsa. Na cikin akwati kuwa yawanci laushi ne sumul mai launin ƙasa, ƙamshinsa mai hawa kai, alamar garin katako ne aka fesa wa turare. A zuba tsunkuli a kofin ruwa: idan yashi ya kwanta a ƙasa, ruwan ya rine nan take, an san inda aka dosa. Ana ɗiba da babban yatsa da na tsakiya da na zobe, a bar manuni. Kowane tsunkuli wajen giram biyu ne, ke nan mutum ɗaya yana buƙatar sama da giram 200, idan iyali huɗu za su zuba tare sai a tanadi kusan kilo. A cakuɗa shi da ɗan mai kafin a fara, in ba haka ba busasshen gari yana kashe harshen wuta.

Itacen ba laifi. Icen mangwaro ne busasshe, an yanka shi daidai kasko, yana kamawa ba gardama. A karya ɗaya a ji ƙarar "ƙas", idan ya lanƙwashe ɗanye ne. Kafur ɗin kuma isasshe ne, guda biyu a ƙarƙashin itace sun kunna wuta, fiye da haka sai ta tashi bal ta mutu.

Sai ɗan littafin bayani, wanda a nan ne aka fi yin sakaci. Da yawa an kwafo shi ne daga tsarin havan na Arya Samaj, ƙungiyar da Dayananda Saraswati ya kafa a Bombay a 1875. Tsari ne mai kyau, sai dai ita wannan ƙungiyar ba ta yarda da saukowar abin bauta cikin jiki ba sam, ba ta kuma yarda da gumaka. Wato murfi yana nuna Narasimha, littafi yana koyar da ibadar waɗanda suka ƙi shi. Mabiyin Vishnu zai nemi abin da babu: ƙulla niyya da ambaton suna da zuri'a da ranar, fara girmama mai kawar da cikas, wato Ganesha ko Vishvaksena, gwargwadon ɗariƙa, yayyafa ruwa kewaye da kasko, sannan zubi da kalmar "Om Namo Narayanaya" mai gaɓa takwas ko "Om Namo Bhagavate Vasudevaya" mai sha biyu, a rufe da purnahuti, inda ake cika busasshiyar kwakwa da mai a miƙa wa wuta a tsaye. Kwakwar nan ma ba ta shiga ƙaramin kasko. Homa ta Narasimha kuwa, yawancin malamansu suna ganin ba ta koyo daga takarda ba ce, domin ana ɗaukarsa sura mai zafi, sai da purohit, wato malamin da ke jagorantar ibada.

Game da fa'ida, rubutun da ke bayan akwatin ya cika baki: kawar da bashi, cin shari'a, samun aure, tsarkake iskar gari. Abin da al'adar kanta ta ginu a kai ya fi wannan nutsuwa. Ana neman Narasimha don kariya daga tsoro, saboda labarin yaro Prahlada a Bhagavata Purana, ana neman Rama don zaman lafiyar gida da tsayuwa kan gaskiya, Krishna don ƙauna da zuri'a. Bayan zubi mai ibada yakan furta cewa wannan ba nasa ba ne, kuma Gita tana fifita hadayar da ba a jiran ladanta. Mai sayar da akwati ya juya abin ya zama ciniki. Zancen tsarkake iska kuwa, kada kowa ya dogara da shi a rufaffen ɗaki. Itace da mai suna fitar da hayaƙi da iskar kabon mai guba kamar kowace wuta. A buɗe tagogi ko a fita baranda, masu asma da jarirai su zauna nesa, a sa tufafin auduga, a ajiye bokitin yashi kusa, domin ruwa a kan mai mai ci fantsama shi yake yi. Wuta idan ta yi sanyi a yi mata fifita da mafici, ƙa'idarsu ta hana hura ta da baki.

Wanda Agnihotra ta yau da kullum yake so, akwatin ya ishe shi har da saura. Mai shirin Rama Navami ko Janmashtami ya sayi babban kasko daban, ya auno mai da samagri da kansa, ya tambayi purohit na gidansu tsarin ɗariƙarsu, daga akwatin ya ɗauki itace da kafur.