Robar dunduniya da ake sakawa cikin takalmi: abin da na gani bayan wata huɗu

Ni malamin makaranta ne a cikin garin Bauchi, kuma aikina na tsayuwa ne a kan siminti tun daga safe har azahar. A bara na fara jin ciwo a ƙarƙashin dunduniyata ta dama, wanda ya fi tsanani idan na sauko daga gado zan yi alwalar asuba, kamar na taka ƙusa, sai kuma ya lafa bayan na ɗan zazzaga. Wani abokin aikina ne ya ba ni shawarar in sayi robar nan mai laushi da ake sakawa cikin takalmi, na kuwa same ta a wani kemis da ke kusa da kasuwar Wunti.

Robar tana zuwa guda biyu, tana da lanƙwasa kamar ƙaramin ƙoƙo da dunduniya ke zama a ciki, kuma tsakiyarta ya fi gefenta laushi. A cikin takalmi sau-ciki tana zama daram, kuma tun a makon farko na ji tsayuwar aji ta yi mini sauƙi. Ana wanke ta da ruwa da sabulu, ba ta kuma yage ba har yau. Sai dai a silifas ko takalmi mai buɗaɗɗen baya, waɗanda su ne yawancinmu muke sawa, ba ta da amfani domin zamewa take yi. A zafin watan Afrilu kuma tana tara gumi sosai idan babu safa.

Babban abin da ya dame ni shi ne ciwon asubar nan bai ragu ba ko kaɗan, ni kuma na sakankance cewa na sami magani, har na ɓata makonni shida ina haɗa robar da ƙwayoyin kashe zafi waɗanda yawan shan su yana illa ga ciki da ƙoda. Mai kemis ɗin bai tambaye ni komai ba, ko da ciwon suga ne, kuma ina ganin wannan sakaci ne.

Da na je wurin likitan ƙashi, ya danna wurin da yatsa, ya bayyana mini cewa akwai wata jijiya mai kauri da ta tashi daga ƙashin dunduniya zuwa tushen yatsu, ita ce ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa. Yawan tsayuwa, ƙiba, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, takalmi maras kauri da ɗaurewar naman sha-raɓa suna gajiyar da ita, kuma an fi ganin haka tsakanin shekara 40 zuwa 60. Da dare takan tsuke, shi ya sa takun farko yake da zafi. Roba tana rage dukan ƙasa ne kawai, ba ta miƙar da jijiya. Ya tura ni sashen gashin ƙashi, inda aka koya mini miƙar da ƙafa ina dafe da bango, da murza gorar ruwan sanyi a ƙarƙashin tafin ƙafa. Wannan atisayen ne ya rage ciwon asubar, sannu a hankali.

Ba kowane ciwon dunduniya ne wannan robar ta dace da shi ba. Idan ciwon a baya yake wajen agara, ko faso ne irin na hunturu ya yi zurfi, to matsalar daban ce. Wanda ya yi mako biyu yana kula da ƙafar a gida bai ga sauƙi ba ya kamata ya ga likita, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da likitocin ƙashi. Kumburi da zazzaɓi, mutuwar ƙafa ko jin kamar tafiyar kiyashi, kasa taka ƙafar bayan faɗuwa, waɗannan ba sa jiran mako biyu. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaramin rauni ya gani a dunduniya, kada ya rufe shi da roba ya ci gaba da tafiya.

Har yanzu tawa tana cikin takalmin da nake zuwa makaranta da shi, kuma idan ta lalace zan sayi wata, amma mai tsawon tafin ƙafa gaba ɗaya, domin likitan ya ce ita ta fi tallafar lanƙwasar ƙafa irin tawa.