Saitin rin da fistan da na zuba wa tsohon Boxer ɗina: abin da na gani bayan wata huɗu

Wata huɗu ke nan da na kwance kan injin mashin ɗina a zauren gidanmu na zuba masa sababbin kayan ciki. Da gangan na ƙi cewa komai a kai sai yanzu, domin sabon gyara, ko na banza ne, yakan yi daɗi a makon farko. Sai ya sha rana, ya sha ƙura, ya ɗauki kaya, sannan ake sanin gaskiyarsa.

Mashin ɗin Bajaj Boxer ne, BM100, na saye shi na hannu a 2017. Burodi nake rabawa da shi daga Funtuwa zuwa shagunan Bakori da Danja da ƙauyukan da ke tsakani, kwana shida a mako. Mitarsa ta tsaya a kilomita 91,000 da 'yan kai tun shekara biyu da suka wuce, ban kuma gyara ta ba, don haka abin da ya ci ya wuce haka nesa. A duk tsawon lokacin nan ba a taɓa buɗe injin ba, sai dai juyen baƙin mai da sauya fulogi da wanke kafireto. Wannan kaɗai ya isa a yaba wa ɗan ƙaramin injin da bai cika cc 100 ba.

Bara ya fara nuna gajiya. Da asuba idan na buga kik sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida. Baƙin mai kuwa duk bayan kwana huɗu sai na ƙara. Kik ɗin ya yi laushi, ƙafa tana sauka ba tare da wata turjiya ba, fulogi yana yin baƙi ƙirin cikin mako guda, ga wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Idan na ɗauro akwatin burodi cike, ɗan hawan da a da nake haye shi da giya uku sai na dawo biyu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 nake lissafin kowace lita, to ga injin yana shan fetur yana kuma shan baƙin mai. Na taɓa zaman shekara biyu wajen mai gyaran janareto ina saurayi, ina da sifanu da 'yan kayan aiki, sai na yanke shawarar in yi da hannuna.

A shagon da na je, saitin rin da fistan kala uku aka ajiye min a kan kanta: na kamfani, na tsakiya, da wani mai araha da ko kwalinsa bai da nauyi. Na ɗauki na tsakiya, wanda kuɗinsa ya ɗan haura rabin na kamfani. A kwali ɗaya akwai fistan da fin ɗinsa da kilif biyu masu riƙe fin ɗin, rin, wato zobban da ke kewaye fistan, faki (shimfiɗar da ake sawa tsakanin sassan inji don hana yoyo) na sama da na ƙasa da na murafai, sarƙar taimin, da 'yan robobin kan bawul guda biyu. Shi ne abin da nake sharhi a kansa.

Kafin a zo ga kayan, akwai abin da ya kamata mai niyyar saye ya sani: kada ka sayi fistan kafin mai bora, wato mai injin faɗaɗa ramin silinda, ya ga silindarka. Ni na sayo sitanda, mai faɗin milimita 53 kamar yadda injin ya zo. Da na zare silinda na sa farce a ciki, sai na ji ya maƙale a wani ɗan tudu can sama, daidai inda rin yake tsayawa ya juyo. Ƙasa da tudun ƙarfe ya cinye. Na ɗauki tsohon rin na tura shi ciki, sai ga bakinsa a buɗe, har kan ashana yana shiga tsakani. Washegari na kai wa wani dattijo mai injin bora, don ya ga ko fistan mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50 za ta buƙata. Ya ɗaga silindar ya duba ta a hasken rana, ya auna sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, wannan 0.25 ba za ta share shi ba. Koma ka karɓo 0.50, ka kawo min fistan ɗin a hannu, da shi zan auna."

"Baba, ba za a iya sa sabon rin kawai a lallaɓa ba?" na tambaye shi.

Ya ce ramin ya daina zama da'ira, ya koma kamar ƙwai, sabon rin kuma zagayayye ne, ba za su taɓa haɗuwa ba. Mai shago bai yi min gardama ba, tunda ban yage ledar ba ya canza min.

Fistan ɗin shi ne abin da ya fi burge ni a kwalin. Jikinsa sumul, babu ɓurɓushin ƙarfe a ramukan rin, lambar 0.50 da kibiyar da ke nuna ɓangaren salansa duk sun fito raɗau. Fin ya shiga da matsin babban yatsa bayan na shafa masa mai, bai yi sako-sako ba, bai kuma nemi guduma ba. Rin ɗin ma haka. Na gwada kowanne a cikin silinda kafin in ɗaura, tazarar bakinsu ta yi daidai, ban goga ko ɗaya ba. Na sama da na biyu suna da ɗan harafi a gefe guda, wanda shi ke kallon sama, amma ƙanƙane ne ƙwarai, sai da na haska fitilar waya na gan shi. A nan ne ƙorafina na farko yake: babu ko 'yar takarda a cikin kwalin. Wanda bai taɓa yi ba, wa zai gaya masa wane rin ne na sama, ko cewa ba a jera bakunansu a layi ɗaya, rarraba su ake yi kewaye da fistan? Takarda ɗaya mai zane da ta wadatar.

Wajen sa kilif sai da na cusa tsumma mai tsabta a bakin injin, ƙarƙashin fistan. Ɗan ƙarfen nan yana da tsalle, kuma idan ya faɗa ciki aikin yini ya zama na mako, don sai an raba injin gida biyu. Na kwalin suna da ƙarfi, sun zauna a raminsu da ɗan sauti "ƙas". Na kuma kama kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistan da ƙasan injin, na ja shi sama da ƙasa, ban ji wasa ba, sai ɗan motsin gefe wanda dama akwai shi. Wannan ne ya sa ban taɓa ƙasan injin ba. Da na ji wasa a wurin, da wannan kwalin bai isa ba ko kaɗan.

Aikin ya faɗo a cikin hunturu, ƙura ko'ina. Na rufe ƙofar zaure, na shimfiɗa buhu, na karɓo kiret ɗin ƙwai biyu wajen uwargida na riƙa jera notuna rami-rami bisa yadda na kwance su. Komai da kalanzir na wanke. Ƙanena ya riƙe min fitila, shi ne kuma ya riƙe sarƙar taimin da waya lokacin da nake saukar da silinda a kan fistan.

Sarƙar taimin ta kwalin ta yi kyau. Da na jera ta da tsohuwar a kan benci, tsohuwar ta fi ta tsawo a ido, tana kuma lanƙwasa ta gefe kamar igiya. Ita ce mai ƙarar tsakuwar nan. Na daidaita alamar T ta jikin maganeto da alamar da ke kan haƙorin kam, sandar da ke buɗe bawul, na juya injin da hannu zagaye biyu, alamomin suka dawo wurinsu. Bawul kuwa na goge mazauninsu da man guga, ina murzawa tsakanin tafin hannu har zoben toka-toka ya fito ba yankewa, sannan na zuba kalanzir ta baya na jira, bai zubo ba. Tsofaffin robobin kan bawul sun bushe sun yi tauri kamar kara, ɗaya ma a hannuna ta fashe. Su ne ke barin mai ya tsiyaya cikin dare ya zama hayaƙin asuba. Tazarar bawul na sa ta milimita 0.05 da injin a sanyaye.

Sai fakin, wanda shi ne ya ɓata min rai da gaske. Na sama, mai zoben ƙarfe, bai nuna wani laifi ba. Na ƙasan silinda kuwa takarda ce siririya, tun a hannu na ji ba ta kai tsohuwar kauri ba, ramin noti ɗaya kuma ya ɗan kauce har sai da na faɗaɗa shi da reza. Na ɗaure notunan kai a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, yadda aka koya min. Duk da haka a kwana na tara na ga gumin mai a gindin silinda, ƙura ta manne ta yi baƙi. Na goge, washegari ya dawo. Dole na sake kwance kai da silinda gaba ɗaya saboda takarda ɗaya, na rasa yinin aiki, na kuma sayi sabon fakin sama tunda wanda aka matse sau ɗaya ba a mayar da shi. Wannan karon na kamfani na saya, su biyun, kuma tun daga ranar gindin silinda a bushe yake. Wanda ya iya yin fistan mai kyau haka bai kamata ya yi ƙoron takarda ba.

Don haka ga wanda ya tambaye ni: fistan da rin da sarƙa da robobin bawul na wannan saitin sun ci kuɗinsu, zan sake saye. Fakin ƙasa kuwa ka ajiye shi gefe tun ranar farko ka sayi na kamfani daban, kuɗinsa bai kai na litar baƙin mai ba.

Kilomita 500 na farko, bisa ƙiyasin zirga-zirgata, na lallaɓa shi: rabin kaya, ba na murɗa totur har ƙarshe, ba na barin sa yana aiki a tsaye. Man farko da na juye ya fito da ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, na biyu ya fito tas. Lita ɗaya ta 20W-50 nake saya, yanzu kuma daga juye zuwa juye ba na ƙara ko cokali. Kik ya dawo da taurinsa, bugu ɗaya ko biyu ya tashi ko da sanyin asuba, salansa ba hayaƙi. Na cire fulogi makon jiya na gan shi ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe. Hawan nan da akwati cike, na koma haye shi da giya uku.

Da ƙarfin ya dawo sai wani abu ya fito fili: kuloci yana zamewa idan na buɗe wuta a giya huɗu da kaya. A da injin ba shi da ƙarfin da zai nuna hakan. Faifan kuloci na nan na sayo, suna jiƙe a baƙin mai cikin kwano, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan buɗe murfin dama.