Gargaɗi ga masu motoci a Damagaram: damfarar "injin eriya ya ƙone"

Assalamu alaikum jama'a. Mu masu aikin wutar mota ne ke wannan kira, musamman ga masu tsofaffin motoci irin su Marsandi 190, Camry da Land Cruiser, waɗanda eriyarsu ke fitowa da kanta in an kunna rediyo, ta koma in an kashe. Akwai wasu mutane, ba su da garaji, ba su da rumfa, jaka kawai a kafaɗa. Suna tsayawa a bakin tasha, ko wajen wankin mota, ko inda ake ajiye motoci in an shiga Kasuwar Dole. Da sun hango eriya ta maƙale a rabi, sai su matso da ladabi: "Alhaji, ai injin eriyar nan ya ƙone, ina da sabo." Ka biya kuɗin inji guda, su tafi da naka.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne, mafi yawan lokaci injin lafiyarsa ƙalau. Naka na asali, wanda ya zo da motar daga kamfani, shi ne abin da suke so. Sai su ɗaura maka wani tsoho da aka wanke aka fesa wa baƙin fenti, naka kuma su sa masa sabuwar sanda, wato ƙarfen eriyar da ke fita yana komawa, su sayar wa na gaba.

Domin kada a ci ka da baki, ga abin da ke cikin kwandon nan da ke ɓoye a gefen but ko bisa tayar gaba. Akwai ɗan inji mai aiki da wutar batir, volt 12. Yana juya wata giya ta roba, giyar kuma tana turawa ko naɗe wata doguwar igiyar roba fara, wadda a yawancin motoci take da haƙora a gefe guda. Ƙarshen igiyar nan a ɗaure yake da gaɓar sanda mafi siranta. Ke nan ba injin ne ke riƙe da sanda ba, igiyar ce. Ita ce kuma ke fara mutuwa, don roba ce: zafin watan Afrilu da Mayu yana busar da ita, ƙurar hunturu ta cika gaɓoɓin sanda har su yi tauri, inji ya yi ta turawa da ƙarfi, haƙora su zube ko igiyar ta tsinke.

Saboda haka gwajin farko ba ya buƙatar ko sifana. Ka tsaya kusa da eriyar, wani ya kunna rediyo, ka kasa kunne. In ka ji inji yana gurnani na ƴan daƙiƙu amma sanda ba ta motsa ba, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas, to inji na da rai. Igiya ce ta tsinke ko haƙora suka cinye. Sanda da igiyarta tare ake sayar da su, kuma kuɗinsu bai kusa na kwandon gaba ɗaya ba. Duk wanda ya ji wannan gurnani kuma ya ce maka inji ya ƙone, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san abin da yake yi maka.

In kuwa shiru ka ji, har yanzu ba a kai ga inji ba. A fara duba fiyus, a akwatinsa na ƙarƙashin sitiyari ko na cikin bonet. Sannan a sa mitar auna wuta a wayoyin da ke shiga kwandon. Galibi uku ne: ɗaya mai wuta kullum daga batir, ɗaya mai kawo umarni daga rediyo, wadda a rediyon da aka canza akan same ta shuɗiya, sai ta mas da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Ta umarnin dole ta nuna kusan volt 12 in rediyo na kunne, ta koma sifiri in an kashe. Sau da yawa nan matsalar take: an cire rediyon asali an sa mai kebul da Bluetooth, wanda ya sa bai haɗa shuɗiyar wayar ba. Ko kuma kusar mas ta yi tsatsa, a goge ta da sanfefa a ɗaure, eriya ta tashi. Sai wuta ta isa, umarni ya isa, mas ya kama, rile, wato ɗan makunnin da ke saki wa inji wuta in umarni ya zo, ya amsa, amma inji bai juya ba, sannan ake zancen inji.

Canjin sanda kuwa a gabanka ya kamata a yi shi, ba a ce ka je ka dawo ba. Ana kwance notin da ke saman eriya, a kunna rediyo, sanda na fitowa ana jan ta a hankali har ta fice da igiyarta. Kafin ta gama fita a lura da ɓangaren da haƙora ke fuskanta, domin a haka sabuwar za ta shiga. Nan ne wurin da ya kamata ka buɗe ido: a jera tsohuwar igiya da sabuwa. In tsohuwar ta fi gajarta, guntunta na can cikin kwando, kuma sai an sauko da shi an buɗe an fitar. Masu gaggawar karɓar kuɗi ba sa yin haka. Sukan cusa sabuwa a kan guntun, ta hau ta sauka sau biyu a gabanka, bayan kwana kaɗan ta maƙale a rabi, su kuma sun bar wurin. In ba guntu, sai a zura bakin igiyar har ta taɓa giya, a kashe rediyo, inji ya ja ta da kansa, a ɗaure noti, a kunna a kashe sau uku ko huɗu har sanda ta daidaita.

Akwai dabarunsu biyu masu haɗari fiye da asarar kuɗi. Ta farko, in fiyus na yawan tsinkewa, sai su naɗa masa zaren tagulla. Fiyus ba ya tsinkewa haka kawai; sanda ce ta ƙi motsi, inji ya ja wuta fiye da kima. Ka cire masa mai tsaro, ranar da ya sake cijewa waya ce za ta yi zafi a bayan kafet, inda ba ka gani. Fiyus mai lamba ɗaya da na asali kaɗai ake mayarwa. Ta biyu, su ɗauke wayar umarni su haɗa da makulli, eriya ta riƙa tashi duk lokacin da ka tayar da mota ko da rediyo a kashe. A ido kamar an gyara, amma igiya za ta yi ninkin aikinta, kuma ba ka da ikon saukar da sanda in za ka shiga ƙarƙashin reshe ko gajeriyar ƙofa.

Sai kuma ƴan talla a Facebook da WhatsApp, masu cewa a tura kuɗi tukuna. Suna nuna wata ƴar roba mai kama da ƙayar bayan kifi da ake manna wa rufin mota, suna cewa za ka kama tashoshin Zinder har Tanut ko Gure. Juya ta ka gani: in babu wayar da za ta tafi bayan rediyo, ado ne kawai. Haka "busta", na'urar da ake cewa tana ƙara ƙarfin kama tasha, in ba ta da wayar wuta, ba abin da take ƙarawa. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma sandar da ta dace da su tana kusan santimita 75 zuwa 80, shi ya sa eriyar da ta tsaya a rabi take sa murya ta yi shuu da ka wuce Mirya. Ba wata ƴar roba da za ta maye wannan tsawon.

Kula da ita ba wuya. A lokacin hunturu, ko bayan ka bi hanyar jar ƙasa, ka tayar da sanda duka, ka goge kowace gaɓa da tsumma mai ɗan ruwan sabulu ko alkol, ka busar, ka ɗan fesa silikon sannan ka share abin da ya yi yawa. Kada ka yarda a shafa mata giris ko baƙin mai, ko da kyauta ne. A garin nan ƙura za ta manne ta zama kamar sanfefa a cikin gaɓoɓi. Kada a danna ta da hannu, a kuma hana yara lilo da ita, don sandar da ta lanƙwashe ko kaɗan ba ta sake shiga daidai. Kafin damina a duba ƴar tiyon da ke ƙasan kwando, wadda ke fitar da ruwa, kada ta toshe inji ya kwana cikin ruwa.

In har ya tabbata sai an canza inji, a yi a garajin da za ka iya komawa gobe. Kafin a ɗaura wanda za a sayar maka, a haɗa shi da batir a ƙasa ka ga ya fita ya koma. Ka sa alama da ƙusa a jikin naka tun kafin a kwance, kuma a miƙo maka shi a hannu ka jefa a but, domin giya da rilen da ke cikinsa za su yi maka amfani nan gaba.