Keken hawan dutse mai birkin waya: abin da ya same ni a Shafa

Wata takwas ke nan da na sayi keken nan mai taya inci 29 a wani shago a Jidda. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani. Guda biyu mai shagon ya fito min da su, ɗaya mai birkin waya, ɗaya mai birkin mai. Ya ce wai ai duka birkin faranti ne, wato faifan ƙarfen da ke tsakiyar taya birkin ke kamawa, bambancin na 'yan gayu ne kawai. Na hango rarar riyaloli, na ɗauki mai waya. Araha ba ta ado, amma ranar ban tuna ba.

A cikin Makka, daga Rusaifa zuwa wurin aiki, bai taɓa ba ni kunya ba. Jikinsa alminiyam ne, ba nauyi, sirdin ma ba laifi.

Sai wata Juma'a da muka ɗora kekuna a mota muka hau Ɗa'if, muka zarce Shafa. Wurin ya haura mita 2,000 a sama, iska mai sanyi kamar ba Saudiyya ba. Hawan da ƙyar na yi shi, amma gangarowa ce ta nuna min abin da na saya. Hanya ce ta tsakuwa mai kwana-kwana. Tun a kwana ta uku na ji yatsuna sun fara sagewa, don da yatsu huɗu nake matse birkin, Yayana kuwa da ɗaya yake taɓa nasa. Can na ji ƙauri kamar an ɗora roba a wuta. Na matse har hannun birkin ya taɓa kan keken, amma keken tafiyarsa kawai yake. Ga garken gwaggon biri zaune a tsakiyar hanya, ko a jikinsu. Wallahi salati kawai nake. Da ƙafa na tsaya, na ja takalmi a ƙasa har na kifa cikin ƙaya, gwiwa ta ɗaye. Da na taɓa farantin, sai da yatsana ya tashi.

Yaya ya duba ya ce, "Kai ma dai, wa ya ce ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa? Matsawa ake ana saki." Gaskiyarsa, da laifina a ciki. Amma wani dattijo Bahaushe mai gyaran keke a Misfala ya nuna min sauran. Irin wannan birkin, gefe ɗaya ne kawai ke motsi, ya tura farantin ya jingina da ɗaya gefen. Takalmin birkin na cinyewa, rata na ƙaruwa, sai ka ɗaure da hannu. Nawa kuma zafi ya gasa shi har ya yi sulɓi kamar gilashi. Na ce, "Baba, a canza takalmi kawai?" Ya ce, "Ɗana, in dutse za ka koma, canza duka."

Na sa birkin mai, Shimano MT200, na mayar da farantin gaba mai faɗin milimita 180 maimakon 160. Shi man ma'adinai yake sha, ba man birkin mota ba, kar wani ya zuba masa DOT, wato na motar, ya lalata robobin. Gefe biyu ke kamawa tare, kuma yana gyara ratarsa da kansa. Na koma gangaren nan bayan Sallah, yatsu biyu suka ishe ni. Har na fara cewa keken ya biya kuɗinsa.

To amma fa raina bai daina ɓaci ba. Ashe hannun birki da na canjin giya a haɗe suke, dole na sayi na giya daban. Da na ce bari in sa kayan giya na Shimano Deore in huta da sarƙar da ke tsalle, Baba ya juya tayar baya ya ce giya bakwai ce ta ɗaurin zare, sai an canza cibiyar tayar ko wil ɗin gaba ɗaya. Shokozobar gaba kuma sifirin ne zalla, tana dukan hannu kamar ana sara itace. Da na lissafa abin da na kashe, ya zarce kuɗin wancan keken da na bari a shago. Na koma na faɗa wa mai shagon, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ban ce masa dutse zan hau ba. Keken hawan dutse fa na saya!