Biron cike takardun bizar J-1 a Maraɗi: abin da suka iya da abin da suka ɓoye

Sana'ata dillancin filaye da gidaje, kuma a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo na fi yin ciniki. Ɗan yayata ya gama lisansin tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, ya dawo gida yana taya ni rubuta yarjejeniyar haya da bin takardun filaye a ma'aikatar magajin gari. Shi ne ya zo mini da zancen wani biro a nan cikin gari da ke taimaka wa matasa neman zuwa Amurka koyon harkar gidaje da bizar musanya, wadda ake kira J-1. Tun da aljihuna ne ya ɗauki nauyin, ina da ta cewa a kan aikinsu. Ba zan kama sunan biron ba, masu irinsa sun fi ɗaya kuma tsarinsu kusan guda ne.

In fara da abin yabo. Mai biron ya san takardu, ba na wasa ba. Ranar farko ya zaunar da mu ya ce, «Alhaji, abu uku ne daban-daban, kada wani ya haɗe maka su.» Akwai kamfanin da yaro zai zauna a cikinsa ya koyi aiki. Akwai ƙungiyar da ke tsaya masa, wadda dole sai ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta amince da ita, irin su CIEE da Cultural Vistas da InterExchange, kuma ita kaɗai ce ke iya fitar da takardar DS-2019, wadda sai da ita ake neman bizar. Sannan akwai ofishin jakadanci, mai bayar da biza ko ya hana. Biron ba ya cikin ukun nan. Ya buɗe mana shafin gwamnatin Amurka a kwamfuta, ya nuna mana sunan ƙungiyar da zai haɗa mu da ita a jerin waɗanda aka yarda da su. Wannan ya kwantar mini da hankali, don na sha ganin waɗanda suka sayar da fili suka miƙa kuɗin ga mai takardar bogi.

Sharaɗin shiga ma ya faɗe shi daidai. Mai son zuwa a matsayin mai neman horo sai yana da digiri ko takardar ƙwarewa daga makarantar gaba da sakandare a wajen Amurka, tare da aƙalla shekara 1 yana aiki a fannin, ko kuma in babu digiri ya kawo shekara 5 na aikin. Zaman ba ya wuce wata 18. Wanda bai daɗe da gama karatu ba, cikin wata 12, yana da nasa rukunin daban, shi kuma shekara guda ce iyakarsa.

A nan ne muka fara shan wuya, kuma a nan ne biron ya ci kuɗinsa da halal. Dillancinmu na Maraɗi baki ne da amana. Ka kai mai saye ya ga fili, a yi ciniki gaban shaidu, a sa albarka, ka karɓi la'adarka. Wa ke rubuta wa yaronsa takardar albashi? Su kuwa can hujja suke so a rubuce: tun yaushe ya fara, me yake yi, wa ya sa hannu. Na gode Allah ina da rajistar kasuwanci da lambar haraji, kuma yaron mai ajiye kwafin duk yarjejeniyar da ya rubuta ne. Mai biron ya tattara su, ya sa aka fassara daga Faransanci zuwa Turanci, ya tsara takardar shaidar aiki da na sa wa hannu da hatimi. Da a ce irin abokan sana'ata ne da ofishinsu benci ne a gindin dogon yaro, shekara ashirin ɗinsu ta gwaninta ba za ta shiga ko layi ɗaya na fom ba.

Turanci kuma wani tudu ne. Ƙungiyar sai ta tabbatar yaro yana ji yana mayarwa, kuma hira suka yi da shi ta bidiyo. Yaranmu da Faransanci suka yi lakkol, Turancin da suke da shi na kasuwar Jibiya da Katsina ne. Biron yana da wani malami da ke yi musu bita da marece, ba laifi, sai dai ɗakin ƙarami ne kuma in wuta ta ɗauke sai a tashi.

Yanzu ga inda na fara ƙorafi. Allon da ke ƙofar biron cewa yake aikin dillancin gidaje a Amurka. Duk wanda ya karanta, hankalinsa zai tafi ga sayar da gida da cin la'ada da dala. Ba haka abin yake ba, kuma mai biron ya sani. A Amurka ba ka dillancin gida sai da lasisi, kowace jiha da nata, sai ka yi kwas ka ci jarrabawa, kuma yawancin dillalan can ba su da albashi, da la'ada suke rayuwa. Bizar nan kuwa tun daga dokar 1961 da ta kafa ta, ta musayar ilimi da al'adu ce. Akwai takarda mai suna DS-7002 da ake rubuta tsarin horon a ciki mataki-mataki, wane wata zai koyi me, wa zai kula da shi. Dole ya kai awa 32 a sati, aikin akawu zalla kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma ba a yarda a sa shi a gurbin ma'aikacin ƙasar ba. Tsarin da aka rubuta wa yaronmu na wani kamfanin kula da gidajen haya ne: lissafin kuɗin haya, bin kwangilar gyare-gyare, nazarin farashin gidaje a unguwanni. Ilimi ne mai amfani, ni kaina da zan samu wanda ya iya shi da na ji daɗi, don masu gidajen haya a garin nan da yawansu a ka suke riƙe lissafi. Amma ba shi ne abin da allon yake sayarwa ba. Da yaron ya karanta sai ya dube ni ya ce, «Kawu, ashe ba zan sayar da ko ɗaki ba.»

Na biyu, neman kamfanin. Mun ɗauka yana cikin jika ɗari biyun da muka biya biron. Ashe a'a. Yaron ne ya yi ta aika wasiƙu da kansa wata da watanni, mafi yawa ko amsa babu. Dalilin ma a bayyane yake. Ofisoshin dillanci da yawa ƙanana ne, kuma duk kamfanin da bai taɓa aiki da ƙungiyar ba, in ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko kuɗin shigarsa na shekara bai kai dalar Amurka miliyan 3 ba, sai ƙungiyar ta aika an je an duba wurin. Ga zancen inshorar ma'aikata da lambar harajin kamfani da cike-cike. Ƙaramin dillali a jihar Ohayo me zai sa ya ɗora wa kansa wannan don yaron da bai taɓa gani ba?

Kuɗi kuwa sai mutum ya shirya. Na ƙungiyar shi ne babba, ya haura dalar Amurka dubu, har da inshorar lafiya, wadda doka ta ce sai ta iya ɗaukar dala 100,000 a kan kowane ciwo ko haɗari. Sai kuɗin SEVIS, wato rajistar gwamnatin Amurka ta ɗalibai da masu bizar musanya, dala 220, wajen jika ɗari da talatin ke nan a canjin lokacin, sai na biza dala 185 bayan an cike fom ɗin neman biza, DS-160. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a mayarwa ko an ba ka ko an hana. Biron ya rubuta mana su a takarda tun farko, bai ƙara ko dala a kai ba, wannan na shaide shi.

Babban abin da na riƙe su da shi ya zo ne a 2025. A ƙarshen watan Mayu Amurka ta dakatar da bayar da sabuwar ranar ganawa ga ɗalibai da masu bizar musanya, aka sake buɗewa a Yuni da sharaɗin mutum ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba. Muna cikin neman rana, a Yuli ofishin jakadancinsu na Yamai ya tsayar da aikin biza na yau da kullum. A Disamba kuma sanarwar shugaba Trump ta sa Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2026, Najeriya ma aka tsayar mata da bizar J. Ba laifin biron ba ne, ba su suka yi doka ba. Laifinsu shi ne duk cikin watannin nan ba su taɓa kiranmu ba, a rediyo da waya muka ji. Yaron yana riƙe da DS-2019 ɗinsa, ranar fara horon ta zo ta wuce. Ƙungiyar can ta mayar mana da wani kaso na kuɗinta bayan ya rubuta musu, cikin mutunci. Biron ya ce aikinsa ya riga ya yi.

Da na koma na tarar allon yana nan, da matasa biyu a zaune suna cike fom. Na ce masa, «Malam, waɗannan da fasfon wace ƙasa za su tafi?» Ya ce, «Alhaji, siyasa ce, gobe tana iya canzawa, gara takardu su zama a shirye.» Takardun nan kuwa suna da rana a jikinsu, kamfanin da ya karɓi yaro bana ba zai jira shi baɗi ba.

Wanda yake da fasfon wata ƙasar da ba ta cikin jerin, ko yake son a fassara masa takardu a tsara masa shaidar aiki, biron zai yi masa aiki mai tsabta, kuma kuɗinsu bai yi yawa ba a kan hakan. Mai fasfon Nijar kaɗai kada ya ba su ko sisi sai ya ga da idonsa a shafin ofishin jakadancin cewa an koma bayar da bizar J, sannan ya sa su rubuta masa a takarda wa zai nemo kamfani da nawa za a mayar in tafiya ta fasa.