Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci: ana wanke tsohon famfon fetur ana sayar da shi a matsayin sabo

Masu Fijo 504 da 505, da a-kori-kura, da tsofaffin Datsun da Toyota masu kafireta, ku yi hattara da famfon fetur ɗin da ake tallata muku. Ba na lantarki da ke cikin tanki ake nufi ba, wanda ke manne a jikin inji ne, da notuna biyu, kamshaf, wato wata sandar ƙarfe mai tudu-tudu da ke juyawa a cikin inji, ke motsa shi. Tun da kamfanin PAN na Kaduna ya daina haɗa 504, sabon famfo na asali ya yi wuya, su kuwa motocin suna nan suna dakon hatsi da fasinja a hanyoyin ƙauye. Wannan giɓin ne 'yan algus suka samu.

Abin da suke yi ba shi da wahala. Suna bin gareji suna sayen famfunan da aka cire da kuɗi kaɗan, su wanke da fetur da burushin waya, su fesa fenti ruwan azurfa, su sa a leda da kwali mai tambari. Mai ɗan tausayi a cikinsu yakan canza robar ciki, amma da me? Da tubun taya da aka yanka da almakashi. Robar asali tana da zare a cikinta, an kuma yi ta ne don zama cikin fetur. Tubun taya kuwa fetur na taɓa shi yake kumbura ya yi laushi, ba ya daɗewa ya yage. Ranar da aka ɗaura mota za ta tashi lafiya, shi ya sa mai ita yake biya da murna.

Hatsarin yana wajen yagewar nan. Robar ita ce kawai shamaki tsakanin fetur da cikin inji. Idan ta huje, fetur yana da hanya biyu: ko ya ɗiga waje ta ƙaramar hudar da ke ƙasan famfo, kusa da inji mai zafi da wayoyin fulogi, ko ya gangara ciki ya haɗu da baƙin mai. Na biyun ya fi muni domin ba a ganinsa. Baƙin mai ya tsinke ya koma ruwa-ruwa, ya kasa riƙe ƙarfe da ƙarfe, a hankali inji ya buga. Alamarsa ita ce a zaro sandar awon baƙin mai a tarar ya haura inda aka bar shi, alhali ba a ƙara ba, kuma yana warin fetur. Motar da baƙin manta ke ƙaruwa da kansa ba albarka ba ce, a kashe ta nan take.

Kafin ma a je kasuwa, a tabbatar famfon ne ke yoyo, domin a nan wasu makanikai ke fara cutar. A goge wurin ya bushe sarai, a tada mota, a tsaya a ga inda jiƙa ke farawa. Sau da yawa bakin tiyo ne ya tsage don tsufa, ko kilif ya saki, ko robar murfin sama ta taurare, ko ɗan bututun tagullar da aka cusa a jikin famfo ya fara girgiɗi. Tiyo da kilif sun fi famfo araha nesa ba kusa ba. Sai fetur na fita ta hudar ƙasa, ko ya shiga baƙin mai, ko famfo ya daina turo mai, sannan maganar canji ta taso. Kuma duk abin da aka cire a miƙo wa mai mota a hannunsa. Famfon da aka bari a gareji shi ne gobe za a wanke a sayar wa wani.

A shago, a je da tsohon a hannu. A fara da hanci: sabon famfo ba ya warin tsohon fetur a bakin bututunsa. A duba kan hannun da ke gogar kamshaf. Idan akwai wuri mai sheƙi da ya ɗan lotsa, ya yi aiki. A duba kawunan sukurori ko sukundireba ta taɓa cin su, ko fenti ya rufe su tare da jiki. A shafa fuskar da ke haɗuwa da inji, ragowar tsohon gasket ba ya ɓuya. Sannan a gwada bawul biyun da ke ciki: a toshe bakin shiga da yatsa a danna hannun, ya kamata a ji yana zuƙar yatsa, a toshe bakin fita a danna, ya kamata iska ta tsaya ta riƙe na ɗan daƙiƙu, ba ta sulale ba. Mai shagon da ya hana a buɗe leda a yi wannan gwaji, a bar masa kayansa.

Akwai kuma sabon gaske amma ba na motar ba, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A jera shi da tsohon a kan tebur, a gwada tsawon hannu da lanƙwasarsa, da tazarar hudojin noti, da inda bututai suka fuskanta, da ko akwai bututu na uku mai mayar da mai tanki. A Volkswagen Beetle, misali, sandar da ke tura famfo iri biyu ce, mai milimita 108 da mai milimita 100, kowace da nata famfon, haɗa su ba daidai ba yana hana mai zuwa ko ya lalata famfon. Kafireta ba ta son ƙarfi, ƙarfin turin man da take buƙata bai wuce 0.2 zuwa 0.35 a ma'aunin matsi da ake kira bar ba. Idan ya zarce, allurar cikinta ta kasa rufewa, mai ya yi ambaliya, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta riƙa shan mai kamar rariya.

Wasu kuma za su ce a rabu da wannan tsohon yayi, a sa na lantarki. Akwai na lantarki mai sauƙin ƙarfi da aka yi don kafireta, amma abin da ake yawan miƙo wa mutane na motar injekta ne da aka ciro a wata mota, mai turo wajen bar 3, ninki goma ke nan. Mafi muni shi ne a jona shi a bar tsohon famfo a kan layi da yagaggiyar robarsa, sai ya riƙa ɗura fetur kai tsaye cikin baƙin mai. Idan za a koma lantarki, a cire tsohon, a rufe gurbinsa da faranti da gasket.

Masu tallar famfo a Facebook da WhatsApp salonsu daban. Hoto mai kyau da aka kwaso a wani wuri, a ce tsohuwar ajiya ce daga Faransa, saura guda biyu, a turo kuɗi a sa a mota a tasha. Bayan an tura sai a nemi na direba, daga nan lamba ta daina shiga. A nemi ya ɗauki bidiyon famfon a hannunsa yana juya shi, da takarda mai ranar yau a gefe. A lura ko sunan asusun banki ya bambanta da na shagon. Gara a aiki wanda aka sani a garin ya gani da ido kafin sisi ya fita.

Wajen ɗaurawa, mai mota ya tsaya a wurin. Inji ya huce, a cire kan batir, a matse tiyon da ke zuwa daga tanki. A kankare tsohon gasket tas. Wannan abin mai kauri da ke tsakanin famfo da inji kada a yar da shi, yana tare zafi, kuma kaurinsa ne ke daidaita tafiyar hannun. Gasket ɗaya a kowane gefensa, ba a cika wurin da gam ba. A juya inji da hannu har tudun kamshaf ya kauce, famfo ya zauna ba tare da dole ba, a shafa ɗan giris a kan hannun, a ɗaure notunan bi da bi kaɗan-kaɗan don kada kunnen famfo ya tsage. A sa sabon tiyon fetur, ba na ruwa ba. Idan fetur ya riga ya shiga ciki, a zubar da baƙin mai a canza filta kafin a tada mota. 504 tana cin baƙin mai wajen lita 4. A tada ta, a bar ta ta yi zafi, a kashe, a sa farar takarda ƙarƙashin famfo a duba. Washegari da safe a sake zaro sandar awo a shinshina, a kuma riƙa yin haka har mako biyu, domin robar tubu ba ta nuna halinta a ranar farko.